Na Kai Duna Ruga

Zuwa ga Baban Hindatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya sanyaya makwancinka. Na san takardar ga ba inda za ta, idonka kuma ba zai taɓa ganin ta ba. Amma tun jiya wata magana take cina a rai, kuma duk wanda na faɗa wa cewa a kan kare nake kuka, dariya zai yi mini.

Bari in fara da labarin gida. Ɗiyarmu Hindatu ta sauka lafiya a Jabo, namiji, an sa masa sunanka. Geron da ka shuka a gonar Fakku ƙanenka ya girbe shi. Ni kuma na bar Kebbe. Da na fita takaba Yaya Umaru ya zo ya kwashe ni zuwa gidansa a Tambuwal, aka maido mini da koyarwata wata firamare a nan. Ya yi mini kirki, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya na roƙe shi, ya bar ni in taho da karenka Duna. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin a ɗaure shi can bayan gida wajen awaki.

Ka san ban taɓa son karen ga ba. Sau nawa muka yi faɗa don ya sa baki a ƙwaryata? Amma wata huɗu da kwana goma na takaba, ni da shi ne a gidan. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ya rage daga ni sai shi. Ina tsakar gida, yana kwance nesa kaɗan yana kallon ƙofa. Ni ma ƙofar nake kallo.

Ranar da na fara zuwa makaranta a Tambuwal, ban kai bakin titi ba na ji kukansa. Ba haushi ba ne, wani kuka ne mai ja, kamar na mutum. Matar Yaya ta ce bai yi shiru ba har aka tashi makaranta. Ya ci igiya biyu. Da aka sa masa sarƙa ya dinga fizga har wuyansa ya saɓule. Abincin da na ajiye masa yana nan ƙudaje na bi, ba ya ci sai na dawo na zauna kusa da shi. Maƙwabta suka fara aiko da magana.

Sai kuma fitsarin. In na dawo ya hango ni, sai ya dinga tsalle yana rawar jiki, fitsari na zuba bai ma sani ba. In wani ya tsaya a kansa ko ya ɗaga murya, sai ya kwantar da kunne, ya mirgine ya nuna ciki, ya jiƙa wurin. Karen da ke korar dila daga garke, Baban Hindatu. Da ka gan shi da ba ka gane shi ba.

Na je wajen malamin dabbobi ina jin kunya. Bai yi mini dariya ba. Ya ce ba ƙeta ba ce, tsoro ne da ɗoki, kuma duka ƙara lalata shi zai yi. Ya ce in na dawo kada in kula shi sai ya natsu, kada in zuba masa ido, in durƙusa in ba shi gefe. In riƙa fita kaɗan ina dawowa har ya gane tafiyata ba ta har abada ba ce. Ya ce in bar masa wani abu mai warin wanda ya saba da shi. Na ba shi rigarka ta gona, wadda na ɓoye ban wanke ba, ita kaɗai ta rage mini da ƙanshin jikinka. Kwana uku yana kwanciya a kanta, ya ɗan yi sauƙi, har na fara sa rai. Rana ta huɗu taron malamai ya tsare ni har la'asar. Na tarar ya yayyaga ta, ya jiƙa ta. Tsumman na tattara na binne.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar Asabar ɗin da ka faɗi a gona, Duna ya zo gida da hantsi. Shi kaɗai. Ya dinga haushi yana zagaya ni, har ya kama bakin zanena yana ja. Ina tsakiyar wanki, zanen kuma shi nake salla da shi. Na ɗauki itacen murhu na maka masa a baya, na ƙara. Ya yi ƙara ya fita. Ban tambayi kaina me ya raba shi da kai ba. Sai bayan azahar makiyaya suka tsince ka a gindin kalgo, yana kwance a gefenka. A asibiti aka ce da an kawo ka da wuri, wataƙila. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka. To me ya sa kalmar wataƙila ba ta barin kunnena? Kana kwance a wurin kana sauraron takuna? Ka kira sunana?

Fitsarin nan a gabana ya fara shi. Kwana biyu da binne ka na miƙa hannu zan ajiye masa tuwo, ya ga hannuna ya tashi sama, ya kwanta ya saki fitsari. Ni na koya masa. Kuma duk da haka ni yake yi wa kuka in na fita.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya zare kansa daga sarƙa ya biyo sawuna har zaure. Yaya na zaune a kan dardumarsa da fararen kaya, zai tafi masallaci. Ya daka masa tsawa. Duna ya rarrafa zuwa ƙafafunsa, ya kwanta a kan dardumar, ya yi abin da ya saba. Yaya bai doke shi ba. Ya tashi ya sake kaya, ya rasa huɗuba. Da ya dawo ya kira ni, ya ce ya yi haƙuri iyakar iyawarsa, gidansa gidan salla ne. Me zan ce? Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da wani gida.

Jiya na ɗauki shatar mai a-kori-kura, na kai shi wata ruga a bayan Kebbe. Duk hanya kansa na kan ƙafata. Mai rugar ya san ka, ya ce suna bukatar karen garke, kuma ranar Alhamis za su tashi da shanu su yi kudu. Na yi wa matarsa bayanin komai, na roƙe ta kada a doke shi in ya yi fitsari. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa wanda ake tausayi. Da hannuna na ɗaure shi a turke. Ban waiwaya ba, amma ina jin sa har muka hau kwalta.

In ya ci igiyar, ina zai nufa? Gidanmu na Kebbe wasu ne a ciki. Hanyar Tambuwal bai san ta ba. Gonar Fakku zai je, na sani, ya kwanta a gindin kalgon nan yana jira, kuma babu ɗayanmu da zai zo.

Ka yafe mini. Allah ya gafarta maka, ya sada mu da alheri.

Ni ce matarka,
Uwar Hindatu