Maƙala Ɗaya Ce, Na Ba Ta 43 Kuma Na Ba Ta 77

Senga Nakiwala, don Allah ki agaza mini da shawara, yau kwana huɗu ban ci abincin kirki ba. Jiya matata ta ajiye mini matoke, tuwon ayabar nan tamu, da miyar gyaɗa, na zauna ina kallonsa har ya huce.

Ni malamin tarihi ne a wata jami'a a nan Kampala, shekarata goma sha tara ina koyarwa. Ɗalibai suna kirana Panga, wai ina sara kamar adda, kuma ban ɓoye miki ba, sunan daɗi yake mini. A sashenmu ɗalibi ba ya sa sunansa a kan maƙala, lambarsa kawai zai rubuta ya jefa a kwalin da ke ofishin sakatariya. A zangon da ya wuce guda ɗari uku da goma sha biyu na duba ni kaɗai, mako uku ina fama.

Ranar Litinin ina jera takardun don malamin da zai zo daga wata jami'a ya tantance aikinmu, sai na ga lamba ɗaya sau biyu. Ɗaya rubutun hannu ne mai kama da tafiyar kura, ɗaya kuma bugun kwamfuta. Na ajiye su gefe da gefe ina bi da yatsa. Senga, ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Ta hannun na ba ta 43, na rubuta da jan biro cewa tunanin a warwatse yake, babu hujja. Bugaggiyar na ba ta 77, na rubuta cewa mai wannan kan ya cancanci digiri na biyu. Duka biyun sa hannuna ne. Sai da na tashi na kulle ƙofa.

Makin tsira a wurinmu 50 ne. Sakatariya ta shigar da 43, domin ita aka fara kawowa, ta ɗauka ta biyun gyara ne bayan lokaci. Yarinyar da ke da wannan lambar, bari in kira ta Apolot, 'yar wajen Soroti ce, kuma wannan kwas ɗin kaɗai ya hana ta shiga jerin waɗanda za a yaye a watan Janairu. Abin da ya fi cina shi ne ta zo ofishina wata guda da ya wuce. Ta fara bayani cewa ranar miƙawa babu wuta a shagon da ake buga musu, shi ya sa ta fara kawo ta hannu. Ban bari ta kai aya ba. Na ce mata, "'Yata, jan birona bai taɓa ƙarya ba, je ki ƙara karatu." Ta durƙusa ta yi godiya ta fita.

Abokin aikina Wamala dariya ya yi da na nuna masa. Ya ce, "Mutumina, kai ma ashe ɗan Adam ne. Mayar da shi 53, ka ce kuskuren lissafi ne, kowa ya huta." In na faɗi gaskiya, za a iya kwance duk takardun nan a sake dubawa, ni da nake tantance aikin wasu, ni da bara na tsaya kai da fata sai da aka sallami wani sabon malami saboda sakaci wajen ba da maki. Juma'a mai zuwa ake rufe jerin sunaye. Ya zan yi? Kuma yara nawa na sare a shekara goma sha tara saboda munin rubutu kawai?

Malamin da Bironsa Ya Ba Shi Kunya, Kampala

Malam, sannu. Ni ma sai da na karanta wasiƙarka sau biyu. Amma bari in fara da abin da zai ɗan kwantar maka da hankali: mugu yaga takardar zai yi, ba zai rubuto mini ba. Kuma duk jami'ar da ta jibga wa mutum ɗaya maƙala sama da ɗari uku tana da nata kason a laifin. Ido yana gajiya, kuma gajiyayyen ido tsabta yake bi.

Sai dai shawarar Wamala guba ce da aka shafa wa zuma. Za ta fitar da Apolot, amma da makin da ba nata ba, kuma za ta tafi tana ganin alfarma aka yi mata. Ban ce ka damƙa mata 77 ba, domin kai kanka yanzu ba ka san wanne ne gaskiya ba.

Gobe da safe ka ɗauki takardun biyu ka kai wa shugaban sashe da hannunka, kafin baƙon nan ya gano da kansa. Ka nemi wani malami ya duba maƙalar ba tare da ya ga makinka ba, kuma kafin Juma'a ka roƙa a rubuce a ajiye mata gurbi a jerin har sabon makin ya fito. Ka ƙara da duk takardun hannu da suka faɗi da ɗan kaɗan, su ma a sake karanta su. Za a yi gulma a ɗakin shayi, wasu har murna za su yi, kuma wataƙila ka rasa kujerar tantancewa na ɗan lokaci. Ka daure, wannan duk mai wucewa ne. Batun malamin da aka sallama kuwa, ka nemi lambar wayarsa, kana da maganar da za ka faɗa masa.

Shekarun baya sun wuce, ba za ka iya kiran yaran nan su dawo ba. Wannan ɗayar ce take hannunka. Wata guda ke nan tana kwana tana tashi da imanin cewa ita daƙiƙiya ce, kuma tabbas ta riga ta gaya wa iyayenta kada su shirya zuwa Kampala. Ka kira ta, ka ba ta kujera, ka bar ta ta ƙarasa bayanin da ka katse, sannan ka ce mata da bakinka: ba ke kika faɗi ba, ni ne. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar furta wannan, ya sa iyayenta su ga ranar yayenta.

Senga Nakiwala