Katantanwar da Na Roƙa

Sabon Pegi, Lafiya
14 ga Yuli

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi, kuma kowa a Obi yana lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ɗanki, maigidana, Ya sa ya huta.

Takaba ta hana ni zuwa, a waya kuma bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuto. Bilkisu, ke da za ki karanta wa Inna, don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Na ji abin da ya faru ranar sadakar arba'in. Terngu, abokin marigayi, ya zo gaisuwa aka bar shi tsaye a rana, har ana cewa shi ya zuba wa marigayi wani abu a abinci a can Mombasa ta ƙasar Kenya. Inna, tare suka bar Lafiya zuwa aikin jirgin kamun kifi. Shi ya saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti, shi ya nemo Musulmi suka yi masa sutura.

Ga gaskiyar. Ni ban taɓa ganin teku ba, kullum muka yi waya sai na dami maigidana ya kawo min katantanwar teku in yi ado da ita a ɗaki. Yakan yi min dariya, wai matar da ke tsoron rafi. Wata Juma'a da ba su fita aiki ba ya tsinci wata a bakin ruwa, mai tsini kamar wadda yara ke murzawa, da zane fari da ruwan ƙasa. Ya ɗauka irin dodon koɗinmu na damina ne da ba ya cutar kowa, ya jefa a aljihun gaba. Ashe mai ita yana ciki da ransa. Likita ya ce irin wannan dodon koɗin kifi yake farauta, yana da ƙari kamar allura, dafinsa kuwa ba a samo maganinsa ba. Da ya harbe shi, da fari marigayi ya ce kamar harbin rina ne. Sai leɓensa ya mutu, sai hannuwa, kafin la'asar numfashi ya tsaya.

Terngu ya kawo min jakarsa ya faɗa min komai, katantanwar na naɗe cikin hular marigayi. Ni na roƙe shi ya ce muku ciwon zuciya ne. Tsoro na ji, kada ki dube ni ki ga wadda ta raba ki da ɗanki saboda kayan ado. Ya yi min alkawari, ya kuma riƙe, har aka wulaƙanta shi a ƙofar gidanki bai buɗe baki ba.

Na san ajali ne, amma sanin bai sanyaya min zuciya ba, kuma ina jin kunyar shirun da na yi. Ki aika a ba shi haƙuri. In fushin sai ya sauka a kan wani, ga ni. Abu ɗaya nake roƙo: in na gama takaba, ki bar ni in zo in durƙusa gabanki. Tun da mahaifiyata ta rasu ba ni da wata uwa sai ke.

A gaida Baffa da yaran gida.

Surukarki,
Zaituna