Rasuwar Kyaftin Orrin Tollefsen da Alkawarin Ruwan Yamma

"Muddin ina numfashi, babu jirgina da zai ƙara tsaga ruwan yammacin tsibiri a watannin zafi. Orrin, ka rubuta ka ajiye." Mista Dwight Pruett, mai babban otal da manyan jiragen yawon buɗe ido a garin Friday Harbor, shi ya faɗi haka bara a gaban taron gari, hannunsa a kafaɗar mutumin da muke makokinsa yau.

Cikin alhini mai nauyi da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Ruwa ta Tsibirin San Juan tana sanar da mambobinta, da iyalan mamaci, da dukkan jama'ar tsibiri, cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma shugabanta na farko, dattijo mai daraja, Kyaftin Orrin Tollefsen, wanda ya cika ranar Lahadi a gidansa bayan doguwar jinya, yana da shekara saba'in da tara.

Marigayi Kyaftin ya fara da kamun kifin salmon a jirgin mahaifinsa, da kifi ya ja baya sai ya koma ɗaukar baƙi zuwa kallon oka, manyan dabbobin tekunmu masu baƙi da fari, waɗanda rabin garin nan ke cin abinci albarkacinsu. Shi ya fara nuna mana cewa oka da kunne take farauta, tana aika sauti ta saurari dawowarsa, saboda haka ƙarar inji makanta ce a wurinta. Tun babu dokar tazara tsakanin jirgi da oka, da zarar ya hango su sai ya kashe injinsa, ya kashe har na'urar auna zurfi, ya zura makirufo cikin ruwa, ya bar igiyar ruwa ta ja jirgin. Wani baƙo ya taɓa ce masa, "Malam, kallo na biya, ba zaman makoki ba." Kyaftin ya ce, "Ɗan'uwa, kai ka ci abincin rana? To, bari ita ma ta ci nata." Wannan ƙungiya tana godiya da cewa duk direban da ya koyi aiki a hannunsa, yatsansa kan kai ga makunnin inji kafin ya ɗauki kyamara.

Muna kuma godiya da bai taɓa manta mutane ba. Lokacin da wasu suka zo daga birni suna neman a hana kowane jirgi fita, shi ya tashi ya tuna musu da masu soya kifi a bakin tashar jiragen ruwa, da masu gyaran ɗakin otal, da masu sayar da mai, waɗanda abin da suka samu da zafi shi ke ratsa da su sanyi. Ya ce musu, "Mu da kuke so a kora, mu ke fara ganin okar da ta rame mu kira masu bincike. Ku daga can me kuke gani?" Daga nan ya shiga gida-gida har ya shawo kanmu muka yi yarjejeniya ta ganin dama, ba ta doka ba: a bar wa oka ruwan yamma a watannin da salmon ke wucewa, mu kai baƙinmu wani wuri. Abin ya rage mana ciniki, shi kuma ya rage masa abokai, akwai shekarar da wasu suka daina amsa gaisuwarsa a kanti. Bai riƙe kowa ba. Ni da ke rubuta wannan na sha yi masa faɗa kan sanyin halinsa, sai ya yi dariya ya ce, "Ke Rhoda, da bakinki inji ne da tuni na kashe shi."

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta da godiyarta ga mai ɗakinsa, Uwargida Bernadine Tollefsen, wadda ta ba mu aron mijinta tsawon shekaru ba tare da ƙorafi ba, da 'yarsa Kyaftin Thea Tollefsen, wadda ta riƙe jirginsa da halinsa tun da ciwo ya kwantar da shi. Muna godiya ga ma'aikatan jinya da suka riƙa ƙetare ruwa dominsa, da masuntan al'ummar Lummi, 'yan asalin yankin nan, da suka aiko da kyafaffen kifi gidan makoki, suka ce a rayuwarsa ya girmama oka, 'yan'uwansu na ƙarƙashin ruwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba iyalansa haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi.

Saura Mista Pruett. Har yau bai sa hannu a yarjejeniyar ba, kuma duk zafin bana jiragensa sun ratsa ruwan yamma da gudu, a inda wata oka ke neman abin da za ta ci ta shayar da sabon ɗanta, a dangin da 'ya'yansu ba su cika rayuwa ba. Yanzu ya sanar cewa ranar Asabar zai jagoranci jerin gwanon jirage zuwa wannan ruwa, a busa ƙaho don girmama marigayi. Busa ƙaho ga kyaftin da ya rasu tsohuwar al'adarmu ce, mun yi wa iyayenmu, ba ma raina ta. Amma a tara injina a busa ƙaho a kan uwa da ɗa da sunan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kashe inji, wannan ba girmamawa ba ce, talla ce. Uwargida Bernadine ta ba da saƙo, ga shi yadda ta faɗa: "Ku ce wa Dwight in busa yake so, ya busa a ƙofar otal ɗinsa." Mambobinmu za su fita bakin tasha ta gabas, su kashe inji, su yi shiru tare da iyali. Kowa muna gayyatarsa, har da shi.

Mista Pruett yana da wa'adi zuwa azahar ɗin Juma'a ya soke jerin gwanon, ya sa hannu. Idan bai yi ba, ranar Litinin zan tsaya gaban majalisar gunduma, da amincewar mambobinmu, in nemi a rufe ruwan yamma da doka ga kowane jirgi, nasa da namu, tare da cin tarar duk wanda ya karya. Na san abin da hakan zai ci mana, kuma na san Kyaftin Orrin ya ƙi wannan hanya duk rayuwarsa, domin ya yarda mutum zai iya cika maganarsa ba sai an tsare shi ba. Shi ne mai haƙurin cikinmu, kuma mun binne shi.

Sa hannu,
Rhoda Vandermolen
Sakatariya kuma Kakakin Ƙungiyar Masu Ƙananan Jiragen Ruwa ta Tsibirin San Juan