Safar Hannun Fanna

Assalamu alaiki, Bintu.

Allah ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, babu motar da ke zuwa inda kike. Amma raina a ɓace yake, kuma tun da kika tafi ban sami wanda zai zauna ya ji faɗana har ƙarshe ba. Saboda haka ki yi haƙuri, ke zan faɗa wa.

Muna nan a Bolori, a ɗakinmu na da. Kekena mai ƙafa uku yana nan yana ɗaukar fasinja, yau lafiya gobe wajen makaniki. 'Yarki Fanna ta yi tsawo, har ta fara ɗaura kallabi irin naki. Sikilarta kuwa tana nan inda kika bar ta. Sanyin bana ya shigo da wuri, kuma kin fi ni sanin abin da sanyi ke yi wa yatsun yarinyar nan.

Bari in fara da cefane, don a can abin ya faro. Ke ce mai zuwa kasuwa a gidan nan, ni nawa in fita da sassafe in dawo in tarar da burabusko yana tururi. Me ya sa ba ki taɓa jan ni mun je tare ba? Yanzu ga ni, ƙato da gemu, ana zuba mini ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan leda ana rufe shi da masu kyau, ni kuma ina godiya. A kasuwar Tashar Baga an taɓa sayar mini da bandar kifi da ƙwari suka cinye cikinta. Na koya a hankali. Yanzu ina juye kwano da hannuna, ina shinshina daddawa, ina karya kifi in duba kafin a ɗaure. Kayan miya nakan saya da hantsi, gero da wake kuwa na mako nake haɗawa, don kada in bar Fanna ita kaɗai kullum.

Da sanyi ya fara leƙowa na ɗauke ta muka je Kasuwar Monday neman safar hannu. Ni da na ga wata mai ƙyalli, ja da ita, har na miƙa hannu. Sai Fanna ta ja ni zuwa shagon Madam Uche, matar nan mai sayar da rigunan sanyi da kike zuwa wajenta. Tana ganin yarinyar ta gane ta, ta tambaya ina mamanta, me ya hana ki leƙowa bana. Bintu, ba ta sani ba. Da na faɗa mata sai ta zauna a kan dilar kaya ta rufe fuska da zani. Da ta natsu, ita ta gaya mini irin wadda kike saye: ta ulu, ba mai ƙyallin nan da iska ke ratsawa ba, kuma mai ɗan yalwa don kada ta matse yatsu. Ta ce biyu kike ɗauka, in an wanke ɗaya a sa ɗaya. Ta ƙara da cewa in jiki bai yi ɗumi ba hannu ba zai yi ba, don haka a haɗa da hula da suwaita. Na sayi duka. Na biya ta wajen masu man kaɗanya, na sayi citta da kanumfari na shayi, na sayi sabon filas don tsohonmu ya daina riƙe zafi.

Na yi abin da na ga kina yi. Kafin in fita nakan shafa mata man kaɗanya yatsa-yatsa, in sa mata safar, in ba ta shayi ta riƙe kofin da hannu biyu. Alwala da ruwan filas take yi. Wanki da wanke-wanke na hana ta sai rana ta take. Da yamma in cika gora da ruwan ɗumi in naɗe a tsohon zaninki ta rungume. Muna tafiya lafiya, wallahi muna tafiya lafiya.

To, ranar wata Litinin aka tara su Fanna a filin makaranta da sanyin safiya. Wani sabon malami ya ga safar hannu da suwaita, ya ce ba kayan makaranta ba ne, ta cire. Ta ce masa tana da sikila. Ya ce kowa ma yana jin sanyi. Ya karɓe, ya kuma sa ta cikin masu yayyafa ruwa a aji kafin shara. Ruwan da ya kwana a tanki, Bintu! Kafin azahar aka kira ni a waya. Na tarar da ita a bayan aji ta cusa hannuwanta a hammata, yatsun sun kumbura, tana cije leɓe don kada 'yan ajinsu su ga tana kuka. Wane irin mutum ne yarinya za ta gaya masa ciwonta ya mayar da shi wasa? Shi ba shi da 'ya'ya ne?

Mun kwana uku a asibiti. Kuma a nan ne yayarki, Ya Kaltum, ta zo.

Kin san tun bayan sadakar arba'in ɗinki ba ta tako Bolori ba. Direba take aikowa daga GRA da kwalin madara, sai kuma saƙonnin shawara a waya. Ranar ta shigo ɗakin marasa lafiya ƙamshin turarenta ya riga ta, ta tsaya a kaina a gaban mutane ta ce namiji ba ya riƙon 'ya mace, ga shi nan na kusa kashe marainiya. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta ce da na kunna mata gawayi a ɗaki na rufe ƙofa da duk haka bai faru ba. Gawayi a rufaffen ɗaki! Sai da nas ɗin da ke wurin ta ce mata hayaƙin nan kisa yake yi. Ta kuma maimaita tsohuwar maganar danginku, wai daga jinina cutar ta fito. Ke da ni muna zaune likita ya ce daga mu biyu ne. Kina raye kin sha gaya musu, sun ƙi ji. Yanzu da babu ke, wa zai gaya musu?

Duk wannan na haɗiye, don yayarki ce, kuma ita ma rashinki ya taɓa ta. Abin da ban haɗiye ba shi ne wanda na gani bayan an sallame mu. Na dawo daga sayo magani na tarar Fanna ta tattara kayanta a jaka, da hannayen da ko cokali ba sa iya riƙewa sosai. Na tambaye ta ina za ta. Ta ce Ya Kaltum ta gaya mata a asibiti, lokacin da na fita, cewa an gama magana, babanta ya gaji, za ta koma GRA. Sai ta tambaye ni ko don ciwonta yana hana ni aiki ne. Ta ce in na bar ta ta zauna za ta daina faɗa in yana mata zafi.

Bintu, kin ji abin da suka sa 'yarki ta faɗa? Yarinyar da kika yi shekaru kina koya wa ta yi magana da zarar ciwo ya taso, a wuni ɗaya an koya mata ɓoyewa.

Na zazzage jakar a gabanta, na mayar da komai inda yake. Na ce mata ban gaji ba, kuma ranar da ta ɓoye mini ciwo ranar za mu ɓata. Washegari na ɗauki Kawu Bukar, ƙanin mahaifiyarku, muka je GRA. Ban ɗaga murya ba. Na ce wa Ya Kaltum ƙofarmu a buɗe take, ta zo ta ga 'yarta duk ranar da ta so, ta ɗauke ta hutu in zafi ya shigo. Amma Fanna tana da uba, kuma kada wani ya sake yanke mata hukunci a bayan idona. Kawu ya ce gaskiya na faɗa. Ita kuwa ta tashi ta shige ciki, har yau ba ta amsa gaisuwata.

Makarantar ma na je. Shugaban ya ba da haƙuri, ya ce Fanna ta riƙa sa kayan sanyinta, ba ruwanta da taron safe ko taɓa ruwa. Malamin ya miƙo mini safar yana kallon ƙasa. Na karɓa na juya, don in na buɗe baki ban san inda zan tsaya ba. Yanzu na daina fitar sassafe, ni nake kai ta da kaina. Fasinjan safe sun wuce ni, su wuce.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ina ganin kina waɗannan ƙananan abubuwa kullum, dafa ruwa, shafa mai, shanya safa, ina ɗauka haka Allah ya yi mata. Ashe aiki ne mai cin rai, kuma ke kaɗai kike yi ba ki taɓa ƙorafi ba. Har ke ma ina jin haushinki wani lokaci. Me ya sa ba ki ce kin gaji ba ko sau ɗaya?

Kumburin ya sauka. Jiya Fanna ta zo ta shimfiɗa mini hannayenta a gwiwa, ta ce ana bikin 'yar maƙwabtanmu ranar Asabar, kuma duk ƙawayenta za su yi lalle, ita ma tana so. Na ce da ruwan ɗumi za a kwaɓa, kuma da rana za a sa. Ta yarda. Ban san yadda ake gane lalle mai kyau ba, ban ma san layin da ake sayar da shi ba. Gobe zan shiga cikin mata in tambaya, duk mai dariya ta yi.

Ki huta lafiya, Bintu. Allah ya gafarta miki, ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Modu, baban Fanna