Simintin da Aka Cusa a Tsakanin Duwatsun Istiraha

Zuwa ga Mai Girma Mudirin gidajen hutu na bakin teku da ke kusa da Yanbu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Haruna Abbakar, wanda ya yi gadin istiraharku ta arewa, wato gidan hutun, shekara tara. Yanzu ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki a Al-Khalidiyya, nan Madina. Na rubuta da Hausa domin na san kana jin ta, ko da yake da Larabci kake amsawa. Na fito fili ne kuwa da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa saboda wasiƙu uku da na aika maktab, wato ofishinku, ba su sami amsa ba.

Na ɗaya. Duwatsun da aka jibge tsakanin istiraha da teku, da gangan aka bar ramuka a tsakaninsu. Haka na karanta a ɗan littafin da magina suka bari: igiyar ruwa takan shige ramukan ta rarrabu, ƙarfinta ya mutu kafin ta hau. Idan ta tarar da fuska mai santsi kuwa, sai ta haye.

Na biyu. Da baƙi suka koka kan ƙaguwa da sharar da ke maƙalewa a ramukan, aka ba da umarni a cike su da siminti. Na roƙi muhandis, injiniyan aikin, ya dakata, ya ce aikina gadin ƙofa ne.

Na uku. Kowace safiya nakan sa alli a matakalar da danshi ya tsaya. A da, ko ranar iska ba ya wuce ta uku. Bayan an cusa siminti, danshin ya kai ta bakwai, har ranar da ruwa ya shiga majalisi, falon baƙi, ya lalata darduma da wayoyin lantarki. Takardar da aka rubuta ta ce sakacin mai gadi ne. Ranka ya daɗe, wace ƙofa zan rufe wa teku?

Da wannan kalma ta sakaci aka sallame ni. Kafilai biyu, iyayengidan da za su ɗauke ni aiki, sun karanta takardar sun janye, ga iƙamata, izinin zama a ƙasa, ta kusa ƙarewa. Nakan je Bi'ir Ali in zauna ina kallon motocin masu ihrami, don dai in ga mutane. Iyalina a Sudan ba su sani ba tukuna. Mukan gaisa in kashe waya kafin a tambayi aiki.

Ba komawa gadi nake nema ba. Roƙona a tura muhandis wanda ba shi da hannu a simintin ya duba, a goge kalmar sakaci, a ba ni shaida a rubuce. Idan ta zo bayan iƙama ta ƙare, ba za ta same ni a ƙasar nan ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya jiƙan magabatanka, Ya sa ka yi adalci.

Wassalam.
Haruna Abbakar, Madina.