A Dawo Mana da Likita Mai-zama

Zuwa ga masu girma shugabannin da ke tsara karatun likitoci a ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyali. Ni tsoho ne daga Kona, nan gefen Tasawa, kuma maganar ta mai ɗakina ce. Ta yarda in rubuto, amma ta ce in na kama sunanta, in nemi mai dama mini fura.

Na farko. Shekarun baya ciwo ya same ta, irin wanda ba ya barin alwala ta daɗe a jikin mutum. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa gaisuwar mutuwa, matar da a da ita ke rabon tuwo a kowane taron unguwa. In za a je asibitin Tasawa, babban ɗanmu ke kai ta, don shi mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, yana jin Faransanci. Sai dai ɗan fari ne. Uwar da ko sunanshi ba ta faɗi, yaya za ta buɗe baki a gabanshi da irin wannan magana? In likita ya tambaye ta, sai ta nuna gwiwa. Gwiwar nan ta sha ƙwaya, ta sha shafawa, ta sha allura, alhali lafiyarta lau. Ban ga laifin kowa ba. Layi har bakin ƙofa, abin da aka nuna wa likitoci shi suka duba.

Na biyu. Aka kawo wani matashin likita. Tsofaffi muka sa mishi Mai-zama, don ba ya duba mutum a tsaye. Ya dubi uwa, ya dubi ɗa, ya ga ta juya mishi ƙeya. Sai ya aiki mushe sayen ruwa can bakin kasuwa, ya kira wata ungozoma ta zauna kusa da ita. Ranar ta faɗi abin da ko ni sai daga yawan shanya na gane shi. Ya sake magani, ya koya mata dabaru, ta samu sauƙi har ta hau kabu-kabu zuwa biki a Gidan Amumune.

Ran kasuwa yakan zo majalisarmu bisa babur ya yi ta tambaya: me muke ci, wa ke raka mu asibiti, me muke ɓoyewa. Muna tsokanarshi ko jandarma ne ya ari farar riga. Ya ce so yake ya gano abin da kunya ke hana tsofaffi faɗi, don likitocin baya su koya.

Na uku, nan ne kukana. Ya ce mana bai samu hanyar haɗa ƙwarewa kan ciwon tsufa da karatun bincike yana nan wurin aikinshi ba, dole ya zaɓa. Ya tafi ƙasar waje, yana can yana bincike kan tsofaffin wasu. Har yau in babur ya tsaya ran kasuwa, duk mukan ɗaga kai. Ciwon mai ɗakina ya dawo. Na ce bari ni in yi wa sabon likita bayani, ta ce sau ɗaya ta tona kanta, ba ta ƙarawa sai dai gaban wancan.

Roƙona, ku shirya karatun nan ta yadda likita zai duba mu da safe, ya yi bincikenshi a kanmu da yamma, a Tasawa ko Mayahi, malamanshi na bin aikin daga inda suke. Tsofaffin bincike muna da su, ba sai an haye teku ba. Kuma in Mai-zama ya nemi dawowa, ku buɗe mishi ƙofa da wuri.

Jikarmu za ta haihu a Mayahi bayan kaka. Kakarta ta sa an ɗinka mata sabon zane na suna, ta linke shi, ta ce in ba maƙwabciya ta je a madadinta. Na karɓa na ajiye, ban bayar ba tukuna.

Allah Ya ja kwananku, Ya kai ku tsufa, Ya ba ku likitan da zai zauna ya saurare ku.

Wassalam.

Wani dattijo, Kona.