Izgar Gunya

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin mota, a duk garin da wannan wasiƙa ta same ka. Inna tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar da sanyin bana ya tayar mata. Maigidana da yara suna gaishe ka.

Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka. Shi ya sa na rubuta a nan shafin sada zumunta, inda kowa zai gani. Ban faɗi sunan gidanmu ba, amma ka san mutanen Rano, ba sai an faɗa musu ba.

Yaya, na ga Gunya. Goɗiyar Baba, wadda ka ce mana ta mutu da daminar nan. Da idona na gan ta, tana cin harawa.

Suna muka je Durba. A hanya motarmu ta tsaya ana sauke wa wani buhuna, na sauko in miƙe ƙafa. Gefen titi akwai gonar da aka girbe dawa, an saki dawakai a ciki suna shan hantsi. Ɗaya ya kwanta ya miƙe wuya, ɗaya yana tsaye yana gyangyaɗi, sauran sun tusa kai cikin harawa, tururi na fita daga hancinsu. Na tsaya ina kallo ne kawai don sun tuna mini da gida.

Sai na ga wata a cikinsu ta ciji damin harawa ta ɗaga, ta girgiza shi har ganyen ya zube, ta ture karan gefe, sannan ta fara ci. Ka san mai wannan halin. Baba yakan yi dariya ya ce, "Wannan ba ta cin abinci sai ta yi tankaɗe." Na matsa kusa, ga tsagar nan a kunnenta na hagu, inda waya ta yanke ta tun muna yara.

Duk da haka na so in ƙaryata idona. Na ce dawaki suna kama. Sai ta juya mini baya, na ga wutsiyar. Guntuwa, an datse gashin, ɗan abin da ya tsiro bai kai tafin hannu ba. A nan na zauna a kan kunyar gona.

Ka tuna ranar da ka shigo gida da izgar nan a hannu? Ina gida wankan jego. Ka ce ka kai Gunya wajen mai magani, ciwon ciki ya kayar da ita a hanya, ba ta tashi ba. Ka ce kai kaɗai ka haƙa rami ka rufe ta don kada karnuka su taɓa ta. Ka durƙusa ka miƙa wa Inna izgar, kamar yadda ake yi in dokin gida ya mutu. Har idonka ya yi ja, Yaya. Ni ce ma na ba ka haƙuri.

Inna ta sa aka yi wa izgar mariƙi na fata. Yau ko'ina ta zauna tana hannunta, da ita take korar ƙuda, in za ta kwanta ta sa ta ƙarƙashin matashi. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin ramin da ka haƙa, ta sa maka albarka. Na sha cewa amin.

Mai dawakan dattijo ne mai kirki. Ya gan ni zaune ya zo ya tambaye ni lafiya. Ya ce a kasuwa ya saye ta hannun wani direba, kuma har yau yana mamakin wanda zai yanke wa dabba mai rai wutsiya ana tsakar damina, lokacin da ƙuda ya fi yawa. Ya ce sai da ya riƙa yi mata hayaƙi, don cinyoyinta duk sun yi gyambo. Ban iya ce masa wana ne ba. Kunya ta hana ni.

Na kira ta da irin kiran da Baba yake yi mata. Ta ɗago kai, ta miƙe kunnuwa, ta dube ni, sannan ta koma kan harawarta. Ban ji haushinta ba. Ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, hankalinta kwance. Ita ba ta san an yi mata makoki ba.

Ba sayarwar ce ta fi ci mini rai ba. Na san Baba ya ce, "Gunya ta tsufa a turkena, a nan za ta ƙare," amma na san kuma kai ba ka zama, ba mai yankan harawa, ba mai kai ta rafi. Da ka zauna ka ce, Inna, na kasa, da mun yi kuka mun haƙura. Amma ka riƙe wuƙa, ka yanke, ka taho da shaida, ka tsaya kana kallon tsohuwa tana kuka. Ka ci amanarmu, Yaya, kuma raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa yi da kai ba.

Abin haushi, na kasa ƙin ka. Kai ka fara ɗora ni a bayan Gunya, ka riƙe ƙafata kana tafiya a gefe har muka zagaye gona, kana cewa, "Kar ki ji tsoro, ina nan." In muna jera harawa a kan bishiyar ɗorawa, kai ne a sama, ni ina miƙo maka, kuma kullum ƙaramin dami kake nuna mini in ɗauka. Wannan Habun nake nema, shi nake rubuta wa.

Ban gaya wa Inna ba. Jiya na je gida, na same ta a rana tana taje izgar da yatsu, na gaishe ta na taho. Faɗa mata ba aikina ba ne. Amma maganar ta fito yanzu, kuma ka san ba za ta daɗe ba ta shiga zaurenmu. Ka riga ta zuwa. Ka durƙusa inda ka durƙusa ran nan, ka faɗa mata da bakinka, kada ta ji a bakin maƙwabta.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna juriyar abin da za ta ji. Allah ya tsare ka a kan hanya, ya karkato da zuciyarka gida, ni kuma ya sanyaya mini tawa. In ka zo, ka biya ta Durba tukuna. Ka je ka tsaya a bayan Gunya ka duba.

Ƙanwarka da har yanzu take jiran ka ɗauki waya,
Hadiza